Dokin Hadaya a Turken Jamuni

Ranar da Sarki Haridatta ya saki dokin hadayarsa, ƙanensa Yarima Nilaketu ya durƙusa a gaban jama'a, ya dafa ƙafafun yayansa, ya rantse zai bi dokin nan duk inda ya sa kai, ya kuma dawo da shi gida kafin watan Caitra na baɗi ya cika. In dokin bai dawo ba, hadaya ta lalace. Shekarar da sarki zai yi a filin hadaya yana kwana a ƙasa, yana cin abinci sau ɗaya a yini, ta tafi a banza, sunan gidan kuma ya zube. Dokar abin kowa ya san ta. Masu rakiya ba sa jan dokin, ba sa korarsa, ba sa taɓa shi. Ƙasar da ya ratsa ba a tare shi ba, to ta bi sarki ke nan. Wanda ya ɗaure shi kuwa yaƙi ya nema, kuma dokin ba ya barin turke sai an ci mutumin da yaƙi, ko shi da kansa ya kwance.

Kambala ne ke tuƙa karusar Yarima. Shi ya tuƙa ta mahaifinsu tun gemunsa na baƙi, kuma a hannunsa Nilaketu ya koyi tsayuwa a karusa tana gudu. Ya san yaron ciki da waje. A harbi babu na biyunsa, wannan ba a gardama. Amma mutum ne da ba shi da lanƙwasa ko ɗaya a jikinsa. Tun yana ƙarami, yayansa ya taɓa ce masa ya jira shi a gindin wata ceɗiya, ya manta da shi ya tafi farauta. Ruwan sama ya sauko ya ƙare, wani ya sake saukowa, sai da Kambala ya je ya ciccibo shi kamar buhu, yana shure-shure yana cewa Yaya bai sallame shi ba. Girma bai rage komai daga wannan hali ba, sai ƙarfi da ya ƙara masa.

Dokin kuwa fari ne tas mai baƙin kunne ɗaya, da faifan zinariya a goshi, gata ya gama lalata shi. Damina guda ya yi ta cikin wata fadama saboda ciyawar wurin ta yi masa daɗi, runduna duka na zaune a gefe sauro na cinsu. Sarakunan da suka yi ƙarfin halin ɗaure shi, Yarima ya kayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka wanke musu rauni, ya ba su haƙuri, ya mai da kowa gadon sarautarsa. Da sanyi ya wuce, dokin ya juya hanyar gida don kansa. Lokaci ya matse, amma zai isa in ba a sami wani tsaiko ba. Kambala har ya fara jin ƙamshin girkin matarsa a hanci.

Wata safiya dokin ya kutsa cikin gonakin rake inda karusa ba ta shiga, ya ɓace wa masu bin sawu. Yarima da Kambala suka bar runduna a baya suka zagaya ta gefen rafi. Rana ta take, ƙishirwa ta kama su, suka tsaya a wata bukka da ke bakin ƙauyen Pipra. A ƙofar bukkar wata tsohuwa ce zaune tana kaɗa nono, gajera, busasshiya, gashinta fari fat. Sunanta Jamuni.

Yarima ya sauko, ya ga furfura, sai ya sunkuya ya taɓa ƙafafunta, ya ce, "Inna, a taimaka mana da ruwa."

Ta ɗora masa hannu a ka, ta ce ya yi tsawon rai. Ba ta san ko wane ne ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce ruwa zalla da tsakar rana na baƙon da ba a so ne, ta zaunar da su a inuwa, ta kawo gurasar sha'ir da gishiri da albasa, da tsala mai sanyi, da ɗan curin mazarƙwaila. Suna ci tana surutu. Mijinta ya daɗe da mutuwa, 'ya'yanta mata duk an kai su nesa, namiji kuwa alloli ba su ba ta ba, shi ya sa kowane ɗan iska yake raina ta a ƙauyen nan. Yarima ya ajiye ƙwaryar tsala, ya ce daga yau ta yi ɗa, duk wanda ya taɓa ta shi ya taɓa. Kambala ya ji maganar, ya ci gaba da tauna albasarsa. Irin wannan magana matafiya na faɗa wa tsofaffi a kowace hanya, su hau su tafi.

Sai suka ji haniniya daga bayan bukka.

Ga dokin Sarki Haridatta, wanda sarakuna suka rasa giwayensu a kansa, ɗaure da igiyar ɓauna a turke, ɓaunar tatsar Jamuni na gefe tana tuƙa, ganyen wake na leƙowa daga bakinsa. Gonar waken da ke bayansu kuwa ya cinye kusurwa guda, ya yi birgima a wata. Yarima ya tambaya wa ya ɗaure shi. Jamuni ta ce ita ce, da hannunta, kuma da ƙarfinta na da yana nan da sai ta ƙara masa da taɓarya. Kambala ya nuna mata faifan zinariyar, ya gaya mata abin da aka rubuta a kai. Ta ce ko sunan rana aka rubuta, waken nata ne. A Pipra dabbar da ta ci gona ba ta barin turke sai mai ita ya zo gaban dattawa biyar ya kama kunnuwansa ya ce ya tuba. Haka aka yi wa mai unguwa da akuyarsa, haka za a yi wa kowa.

Da la'asar runduna ta iso ta yi sansani a ƙetaren lambatun da ke shayar da gonaki. Barahmi, malamin addinin da ke rakiyar dokin, wanda shi ke yanke hukunci a kan duk abin da ya shafi hadaya, ya zo ya zauna a kan tabarmarsa aka jera masa dabaru. Aka ce a ba tsohuwa zinariya. Ya ce wannan fansa ce, kuma sarkin da ya fanshi dokinsa an ci shi ke nan. Aka ce Yarima ya kama kunne a madadin yayansa. Ya ce kunnen Yarima kunnen sarki ne, duk ɗaya. Sarki da kansa kuwa ba ya taka wajen filin hadaya sai an gama. Hanya biyu ce kawai, ko ta kwance, ko a yi yaƙi. Jamuni ta ce ba za ta kwance ba. Mahibala, babban jarumin da ke bin Yarima a muƙami, ya ce to ai jarumi ba ya ɗaga makami a kan mace, balle sa'ar kakarsa. Barahmi ya ce haka ne, shi ya sa mace ke tsayar da mijinta ko ɗanta ya yi yaƙi a madadinta. Ya juya ya tambaye ta ko tana da wani.

Jamuni ta nuna Yarima da muciyar da ke hannunta. "Ga ɗana nan. Ɗazu ya faɗa, bakinsa cike da gurasata."

Mutanen ƙauye da suka taru suka bushe da dariya, sojoji ma suka taya su. Kambala bai yi dariya ba, don shi fuskar Yarima yake kallo. Yarima ya miƙe, ya cire sandar jagorancin runduna daga ɗamararsa ya ba Mahibala, ya ɗauki bakansa ya tsallake ya tsaya a gaban turke.

Kambala ya bi shi yana huci. Ya ce masa shi ma yau da safe ya kira wata mai sayar da gwanda inna, ko shi ke nan sai ya koma gidanta da zama? Ya ce rabin tsofaffin ƙasar nan an kira su inna, ba wadda ta sami runduna.

"Na ci gishirinta, Baba. Na kuma faɗa da bakina."

"To rantsuwar da ka yi a ƙafar yayanka fa?"

"Tana nan. Ita ma ban sauke ta ba."

Barahmi ya duba taurari ya sa ranar yaƙi. Kafin ranar, Yarima ya ce muddin ba a busa ƙahon kodi na fara yaƙi ba, shi har yanzu bawan yayansa ne, kuma haƙƙi ne a kansa ya ba rundunar sarki shawara mafi kyau. Saboda haka kullum da safe Kambala zai ɗaura dawaki ya tsallakar da shi lambatu zuwa sansani. Can Yarima zai tara manyan yaƙi ya koya musu yadda za su kashe shi. Ya nuna musu kafaɗarsa ta hagu da mashi ya taɓa huda, ya ce in an matsa masa ta nan hannun kan yi sanyi. Ya ce su zo da rana a bayansu, su fito ta fuska uku, su fara tsinke masa tsirkiya. Wani jarumi ya ce shi dai zai riƙa harbi sama-sama, Yarima ya yi masa faɗan da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce wanda ya ci abincin sarki ya yi masa harbin ƙarya ɓarawo ne. Mahibala, ƙato mai gashin baki har kunne, yana zaune yana gyaɗa kai hawaye na bi masa cikin gashin bakin.

In an tashi, Kambala ya sake tsallakar da shi. Sai Yarima ya zauna a tsakar gidan Jamuni yana zane a ƙasa da tsinke, yana nuna mata ta inda zai fasa rundunar. Ita tana tankaɗe tana cewa to, to, ya yi kyau, in ya gama ya je ya yanko wa ɓauna ciyawa. Ya je ya yanko. Ya ɗebo ruwa, ya gyara mata jinka, ya faskara itace har ya fi bukkar tsawo. Jamuni ba ta taɓa jin daɗin duniya irin na kwanakin nan ba. Takan fita bakin hanya ba don komai ba sai don ta ƙwala masa kira maƙwabta su ji.

Kambala ya duba zanen wata rana ya ga Yarima ya bar gefen hagu a buɗe. Ya ce masa ai ta nan za su zo, shi da bakinsa ya gaya musu ɗazu. Yarima ya ce abin da aka faɗa a wancan ƙetaren amanar Yaya ce, ba zai ɗauko ta ya yi aiki da ita a nan ba. A wannan ƙetaren bai san komai ba. Kambala ya tashi ya je bayan bukka ya zauna kusa da ɓauna, don a ganinsa ita kaɗai ta rage mai hankali a wurin.

Ya gwada tsohuwa. Ya same ta ita kaɗai ya ce mata wata na ƙara girma, in dokin nan bai kama hanya ba cikin 'yan kwanakin nan komai ya ɓaci, kuma mutane za su mutu a gonarta. Ta ce masa, "Kai tsoho, rufe mini baki. Wa ya taɓa mutuwa a kan wake? Wasan masu kuɗi ne, su yi ta busa da kiɗa, in sun gaji mai dokin ya zo ya kama kunne." Mutanen Pipra ma haka suka ɗauka. Sun kafa rumfuna suna sayar wa sojoji soye-soye, har an fara rigima a kan rufin ɗakin da ya fi kyan kallo.

Da baki ya ƙi ci, Kambala ya shafa mazarƙwaila a igiyar dokin, ya matso da ɓauna kusa. Ta lashe, ta fara tauna, saura ƙiris igiya ta tsinke, sai ga Yarima da damin ciyawa a ka. Ya ajiye, ya duba, ya ce dubi abin da ya kusa faruwa da amanar Inna. Ya kira Jamuni ya ba ta sabuwar igiyar karusa, mai kauri kamar hannun yaro, ya tsaya daga nesa yana nuna mata irin ƙullin da ba ya kwancewa.

Ranar yaƙi gari ya waye da kiɗan ganguna. Runduna ta jeru a ƙetaren lambatu, giwaye a gaba da jan fenti a goshi, rana a bayansu kamar yadda aka koya musu. A wannan gefen karusa ɗaya ce tak, da Kambala a kanta yana riƙe da linzami. Yarima ya yi wanka a rafi, ya yi addu'arsa yana fuskantar rana, ya sa jan ɗigo a goshi, ya ɗaura sulke. Sannan ya zo inda Jamuni ke tsaye da kwanon gurasa, ya taɓa ƙafafunta, ya roƙi ta sa masa albarka ya yi nasara.

Ta ɗaga hannu za ta ɗora masa, sai ta tsaya tana kallon giwayen. Ta tambaye shi in ya yi nasarar sai me.

Ya ce sai dokin ya zauna a turkenta har mai shi ya zo. Shi kuma tun da ya lalata hadayar yayansa ya kashe mutanen yayansa, zai je bakin kogi ya zauna ya daina ci har rai ya fita. Ya faɗi haka yana karyar gurasa daga kwanonta.

"In kuma su suka yi nasara?"

"Ai wannan ya fi sauƙi, Inna. Ba za su kai ga turke ba sai ta kan gawata. Akwai sauran albasa?"

Jamuni ta dubi Kambala. Kambala ya bar ta ta ga fuskarsa. Ta sake duban yaron da ke tsaye yana tauna, da kumatu cike, yana jiran albasa. Can ƙetare Mahibala ya ɗaga ƙahon kodi ya kai baki.

Ta dangwarar da kwanon a ƙasa. Ta fara da Yarima, ta ce ita da ta roƙi alloli ɗa namiji ba ta ce su ba ta kututture ba. Ta wuce kan yayansa da ya rasa abin yi sai sakin dabba cikin gonakin mutane, ta sauka kan barahmi da tabarmarsa, ta haɗa da Mahibala da gashin bakinsa. Tana zagi tana tafiya har ta kai turke, ta kama ƙullin. A nan ta tsaya, don duk Pipra na kan rufin ɗaki suna kallo, dattawa biyar na gaba. Ta ce ita fa ba za a ce an ci gonarta an tafi ba wanda ya kama kunne ba.

Kambala ya diro daga karusa da saurin da ya manta yana da shi. Ya ƙwala wa barahmi tambaya daga nan, ko kunnen matuƙin karusa ma na sarki ne. Barahmi ya ce kunnen matuƙi nasa ne, ya yi abin da ya ga dama da shi. Kambala ya je gaban dattawa, da farin gemunsa, ya kama kunnuwansa biyu, ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce shi ne ya yi sakaci doki ya ɓace masa, ya tuba. Jamuni ta ce ba shi ne mai dokin ba, amma tun da munin fuskarsa ya kai na mutum biyu, ta karɓa. Ta sa haƙori da farce ta kwance ƙullin, tana faɗa da ƙarfi cewa ita ba ta bi kowane sarki ba, igiyarta take so.

Barahmi ya ɗaga hannu ya ce wadda ta ɗaure ta kwance, babu yaƙi. Mahibala ya jefar da ƙahon ya zauna daɓas a ƙasa. Masu soye-soye ne kaɗai ransu ya ɓaci.

Sai dokin ya ƙi tafiya. Ya saba da dusar Jamuni da inuwar darbejiya, ya kuma shaƙu da ɓauna. Ya dubi hanya, ya dubi gonar wake, ya taka a hankali ya nufi kusurwar da bai ci ba. Dubban mayaƙa na tsaye, ba mai ikon cewa ko kai. Jamuni ta waiga ta ɗauki taɓarya, ta bi shi ta sauke masa ita a gindi, ƙarar har ƙetaren lambatu. Dokin ya zabura, ya tsallake lambatu, ya ratsa tsakanin giwaye, ya miƙe hanyar gida kamar an sa masa wuta a jela.

Yarima ya juya wurin barahmi, fuskarsa cike da damuwa, ya tambaya ko wannan dukan ma neman yaƙi ne. Kambala ya ji kamar ya shaƙe shi. Barahmi, wanda shi ma sauron fadama bai bar shi ba, ya ce doka ta hana masu rakiya korar doki, amma bai taɓa jin inda ta ambaci tsohuwa da taɓarya ba, kuma in Yarima ya ƙara tsayawa tambaya dokin zai sake ɓacewa. Yarima ya taɓa ƙafar Jamuni a gurguje ya haye karusa. Ta cusa wa Kambala ƙunshin gurasa, ta ce ya tabbata yaron ya ci, tun da shi ba shi da wayon neman abinci.

Sun shiga birni wata na gab da cika, dokin na gaba yana ɗan ɗingishi ta baya. Sarki Haridatta ya tarye su a bakin filin hadaya, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya ɗaga ƙanensa daga ƙasa ya rungume shi, ya tambaye shi cikin duk waɗanda suka ɗaure dokin wa ya fi ba shi wuya. Yarima ya ce Jamuni ta Pipra, kuma gaskiya bai ci ta da yaƙi ba. Sarki ya ce bai san wata sarauniya mai wannan suna ba, ya dubi Kambala. Kambala ya ce, ranka ya daɗe, labarin da tsawo, a bar shi ya je ya ga matarsa tukuna.

Yarima kuwa bai matsa ba. Ya ce yana da roƙo ɗaya, in an gama hadaya Yaya ya ba shi izini ya koma Pipra lokacin shuka, akwai kusurwa biyu na gonar wake da ke jiransa.